Oba-oban Gwaggo Biba

Daga:
Ruwaida Abdul'aziz,
Mamba, reshen Lyon,
Unguwar La Guillotière.

Zuwa ga:
Alhaji Bukari Mai Moussa,
Shugaban Ƙungiyar Zumuncin 'Yan Damagaram Mazauna Faransa,
Biron ƙungiya, Montreuil.

Ranar 12 ga watan Yuni, 2025.

Game da: Ƙorafi a kan umarnin Sakataren Sadarwa, Malam Sa'ad Mika'il, na karɓe talki-walki biyu daga hannun Gwaggo Biba

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ban girma, ina tambayar lafiyarka da ta Hajiya da yara, da gajiyar hidimar jama'a, tare da yi muku barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na tsawaita gaisuwar nan da gangan, domin a iya sanina har yanzu ba a hana ta a takarda ba.

Kamar yadda mai girma Shugaba ya sani, ƙungiya ta sayi ƙananan rediyon hannu, wato talki-walki, waɗanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira oba-oba, don amfanin iyalai a taron zumunci na shekara. Irin waɗanda kowa ke saye a kanti ne, ba sa bukatar lasisi. Bayan taron shekarar 2023, kai da bakinka ka ba da izini a bar biyu a gidana saboda Gwaggo Biba, ƙanwar mahaifina, wadda ta zo daga Zinder neman maganin gwiwa. Muna zaune a hawa na huɗu, gidan babu asansar, wato lif mai hawa da mutane bene, kuma Gwaggo ba ta sauka sai ranar ganin likita ko taron shekara. Wayar shafawa ta ƙi ta, ita ma ta ƙi wayar, don ta ce gilashin ba ya jin yatsanta. Oba-oba kuwa madanni ɗaya gare shi. Da shi take kirana idan ina kantin ƙasa, da shi take tuna mani tattasai bayan na riga na biya na fito, da shi kuma take jin cewa akwai mutane a duniya ban da tantabarun taga.

A ranar 2 ga wannan wata, Malam Sa'ad ya aiko da umarni a rubuce cewa a mayar da na'urorin biyu Paris kafin ranar 30, bisa dalilin cewa ana amfani da su ba ta hanyar da aka yi su dominta ba. Ina sanar da Shugaba, ko da yake ya sani, cewa Malam Sa'ad ɗan wan mahaifina ne, kuma Gwaggon nan ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ga ƙorafina daki-daki.

1. A farkon bana Malam Sa'ad ya ci jarrabawar masu rediyon sha'awa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira tasa ta kansa. Mun yi masa murna, ni ma na aika da addu'a. Ya kafa anten, wato eriya, a barandarsa, ya cika ɗakin baƙi da akwatuna masu fitilu, har matarsa Mardiya ta koma shanya kaya a kan kujeru. Wannan duk harkar gidansa ce, ban da ta cewa. Abin da ya shafe ni shi ne tun daga lokacin ya ɗauki kowane abu mai madanni a ƙungiyar nan a matsayin talakansa. Jarrabawar da ya ci ta rediyonsa ce, ba ta oba-oban da ake sayarwa kusa da kayan wasan yara ba.

2. A taron zumunci na ranar Lahadi 18 ga watan Mayu, a dajin shaƙatawa na Vincennes, ya tara mu kafin a shimfiɗa tabarmi ya karanta mana dokoki. Ya ce ba a kiran mutum da sunansa, kowa da lambarsa. Ya ce magana gajera, ta bukata kawai, kuma wanda ya gama ya faɗi cewa ya miƙa. Ya ce babu gaisuwa. Ni na zama Lyon Ɗaya, maigidana Lyon Biyu. Gwaggo Biba, wadda ta haura saba'in, ta je Makka, ta aurar da rabin mutanen da ke wurin ko iyayensu, ta zama Lyon Uku. Ina roƙon Shugaba ya lura cewa ko a lambar ma bayanmu aka sa ta. Da aka fassara mata, ta tambaya ko yaron ya karya da safe, domin a ganinta yunwa ce.

3. Abin da ya faru bayan haka ba zan ɓoye shi ba, tunda gaban jama'a aka yi. An zaunar da Gwaggo a kujera ƙarƙashin itace, gwiwarta ba ta barin ta zagaya tabarmi, ga kuma gidaje masu yawa da ta kwana biyu ba ta gani ba. Sai ta danna madanni ta fara gaida su gida-gida. Ta tambayi kwana, ta tambayi gajiyar hanya, ta tambayi yara da sunayensu, da masu jego, da waɗanda aka bari a gida. Shugaba ya san gaisuwarmu, ana tambaya ana amsawa baki biyu a tare, shi kuwa oba-oba mutum ɗaya yake ɗauka, muddin ka riƙe madanni to kowa ya yi shiru. A gida na koya mata saki bayan kowace tambaya, kuma ta iya, amma a ranar murna ta sa ta manta. Ta riƙe gam, tana barin ɗan fili don a amsa, ba ta jin komai, sai ta amsa musu da kanta ta wuce gida na gaba.

A daidai lokacin ne motar da ta ɗauko dambu da naman ta ɓata hanya, direban yana ta danna nasa babu shiga. Na yarda abincin ya makara, na yarda ya iso da sanyi. Sai dai ina tunatar da Shugaba cewa kowa a wurin yana da waya a aljihu, har direban, kuma Malam Sa'ad ne ya hana a kira shi da ita, wai don a gwada tsarin sadarwa. Ina kuma tunatarwa, cikin ladabi, cewa sanyin dambun bai hana Sakataren Sadarwa ƙari ba.

4. A takardarsa ya yi dogon bayani cewa oba-oban iyali an yi shi ne don saƙon bukata, kamar ina kake, zo nan, an ga yaro, kuma kanal ɗinsa, wato tashar da ake magana a kai, na kowa da kowa ne, bai kamata a mamaye shi ba. Ya ce hira don hira aikin masu lasisi ne. Rabin farko gaskiya ne, ban musa ba. A kan rabi na biyu ne nake da shaida, domin mun sauka a gidansa lokacin taron, kuma ya zaunar da ni in ga ikon Allah. Ya yi ta murɗa akwatinsa yana ƙara kamar ana suyar ƙosai, har ya samo wani dattijo a Brazil. Na kasa kunne in ji muhimmin saƙon da sai da jarrabawa ake isar da shi. Ya tambayi dattijon ko yana jin sa da kyau, dattijon ya ce yana ji. Ya gaya masa ana ruwa a Paris, shi kuma ya ce can rana ake yi. Suka tambayi lafiyar anten ɗin juna, suka yi godiya, suka yi sallama, Malam Sa'ad ya juyo yana murmushi har kunne. Ranka ya daɗe, wannan ai ina kwana ce da ina gajiya, sai dai an saka mata wutar lantarki. Abin da ya hana Gwaggo shi yake yi kullum da mutanen da bai san ko sunan iyayensu ba.

5. Ya kuma ce muna damun maƙwabta. An taɓa yin haka sau ɗaya, bara, kuma an gyara ba tare da lasisi ba. Akwai wani Ilyes a unguwarmu mai koyar da tuƙin babur, yana bin ɗalibansa a mota yana ba su umarni ta irin wannan rediyo. Ashe kanal ɗinmu ɗaya. Wata safiya ɗalibinsa ya yi ta zagaya shataletale ya kasa fita, saboda a kunnensa wata murya ce ke ta magana da harshen da bai sani ba, alhali Gwaggo ce ke tambayata ko na sami kuɓewa. Ilyes ya yi cigiya a kantuna har ya same ni, muka yi magana ta mutunci, ya riƙe kanal ɗinsa muka koma wani. Da ya ji labarin tsohuwar, sai ya nemi in koya masa amsa. Yanzu yawancin safiya kafin ya fara aiki yakan murɗo kanal ɗinmu ya ce mata lafiya lau, ko me ta tambaya. Ranar da ta gaya masa gwiwarta ta hana ta barci ma lafiya lau ya ce, ta yi dariya har da hawaye. Wannan shi ne maƙwabcin da ake cewa mun dama.

6. Wannan na ƙarshe shi ya fi ci mani rai, kuma ina roƙon Shugaba ya karanta shi a natse. Tun da Gwaggo ta ji cewa Sa'ad yana magana da Brazil da Japan ta rediyo, ta yanke cewa wanda ke jin Japan ba zai kasa jin Lyon ba. Na yi mata bayani, maigidana ya yi, cewa namu ko tashar jirgin ƙasa ba ya kaiwa sosai, balle Paris. Ta ce nata ne ƙarami, nasa ai babba ne. Don haka kowace safiya bayan ta karya, takan sa a matsa mata kujera bakin taga, ta danna, ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana goye, wanda ba zan rubuta a takardar ƙungiya ba saboda darajar muƙaminsa. Ta tambaye shi kwana, ta saki madanni yadda na koya mata, ta jira. Ta tambayi Mardiya da yara, ta saki, ta jira. Tun ranar Vincennes ba ta ƙara mantawa da saki ba, don ta ɗauka riƙewar da ta yi ce ta ɓata masa rai. Har lambar ma ta karɓa, yanzu da Lyon Uku take farawa, ko zai fi saurin amsawa.

Shi kuwa bai kira ta a waya ba tun taron. Da Sallah hoton rago ya turo a dandalin ƙungiya, kowa ya samu iri ɗaya. Ban gaya mata zancen umarninsa ba, ba zan iya ba. Ina jin haushi, ranka ya daɗe, kuma ina jin kunya a madadinsa.

Saboda haka, cikin girmamawa nake roƙon mai girma Shugaba da kwamiti abubuwa kamar haka.

Na farko, a soke umarnin ranar 2 ga wata, a bar na'urorin biyu inda izinin Shugaba ya ajiye su. Batir ɗinsu ni nake saye, ban taɓa kawo wa ƙungiya zancensa ba.

Na biyu, a taro mai zuwa a ware kanal ɗaya na saƙon bukata, inda Malam Sa'ad zai yi mulkinsa da lambobinsa babu mai taɓa shi, a kuma ware wani na dattawa inda za a gaisa yadda aka saba. Na'urar tana da kanal da yawa, shi ya fi ni sanin adadinsu.

Na uku, idan kwamiti ya ga dole sai an mayar da su, zan bi, ni mai biyayya ce. Amma ba zan sa su a kwali in kai gidan waya ba, ba zan kuma ba wani saƙo ba. Sakataren Sadarwa ya hau jirgin ƙasa da kansa, ya sauka Lyon, ya taka matakalar hawa huɗun nan da ƙafarsa, ya durƙusa gaban Lyon Uku, ya amsa gaisuwar da ta taru a kansa tun watan Mayu, sannan ya miƙa hannu ya karɓi oba-oban daga hannunta idan zai iya. Gaisuwar tana da yawa, ina ba shi shawara kada ya sayi tikitin komawa na ranar.

Ya kamata in sanar da Shugaba cewa shekaranjiya, da Gwaggo ta gama kiransa, na'urar na cinyarta, bakina ya suɓuce na ce mata Sa'ad yana tafe kafin ƙarshen wata. Ban faɗi abin da zai kawo shi ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta sa na sayo gero da nono, ta ce ba a ba shi fura mai sukari da yawa, cikinsa ba ya so. Jiya da safe ta danna ta gaya masa ta ji saƙo, kada ya damu da amsawa, ya taho kawai. Don haka ko kwamiti ya soke umarnin ko ya tabbatar da shi, ina roƙon a gaya masa ranar 30 tana nan yadda ya sa ta, kuma yanzu shi ake jira.

Ina neman afuwa idan alƙalamina ya yi tsawo ko ya yi kaifi. Allah ya ja zamanin Shugaba, ya ƙara haɗa kan ƙungiya. Na miƙa.

Taka mai biyayya,

Ruwaida Abdul'aziz
(Lyon Ɗaya)

Kwafi zuwa ga: Malam Sa'ad Mika'il, Sakataren Sadarwa, Paris.