Malam, Ɗanka Ya Cire wa Jar Motarka Fawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Malam.

Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci mace ga mijinta, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwancinka, Ya haskaka shi. Mu nan sai godiya. Hauwa'u ta kusa sauke Alƙur'ani, gyaɗar gonarmu ta garin Babban Mutum kuma ta yi kyau bana. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake, na kuma san mutane ne za su karanta ta a shafin nan. To, su karanta. Ni dai da kai nake, domin kai kaɗai na saba kai wa ƙarar ɗanka.

Maganar jar motarka ce, mai ƙofa biyu, wadda ka shigo da ita ta kan iyakar Kongolam lokacin kana harkar motoci, ka ce duk sauran na sayarwa ne ban da ita. Ka tuna na ce maka wannan ai ko buhun gero ba za ta ɗauka ba, ga ta ƙasa-ƙasa kamar mai rarrafe. Ka yi dariya ka ce, "Ita don gudu aka yi ta, ni kuma tsoron Allah ya hana ni ba ta haƙƙinta." Da aka raba gado ta faɗo a rabon babban ɗanka. Tasa ce halak malak, shi ya sa na daɗe ina juya maganar nan a raina ban furta ba.

Kwanakin baya na ga wani jan mai yana ɗiga a ƙarƙashinta, cikin rumfa. Na aiki Hauwa'u ta gaya wa yayanta ya kai ta wurin Malam Idi bakanike, amininka, a duba. Mota ta fita, mota ta dawo, ɗigar ta tsaya, na yi hamdala. Sai da na shiga sito ɗibar gero na tarar da kwali a bayan buhuna, cike da ƙarafa: wani ɗan famfo, da bel, da tiyoyi masu maiƙo. Hauwa'u ce ta yi mini bayani. Wai fawa ke nan, abin da ke sa sitiyari ya yi laushi har mutum ya juya shi da hannu ɗaya. Ba a gyara shi ba, Malam. Cire shi aka yi gaba ɗaya.

Wai shi a cewarsa fawa yana ɓoye wa direba titi, yana so ya riƙa jin tayoyi a tafin hannunsa. Ina daga madafi na ji ƙanwar tasa tana tsokanarsa: "Yaya, kai da murfin kwalbar zuma ma sai ka miƙo mini in buɗe maka?" Ya ce, "Ke tafi can, me kika sani a mota ban da shiga baya?" Suka yi ta dariya. Ni kuwa ludayi ya tsaya mini a hannu.

Ranar Asabar ɗin nan ake ɗaurin auren abokinsa. Ka san abin da samari suka mayar da biki yanzu, wasan mota. Bayan an shafa fatiha sai su fita bayan gari ta hanyar Mai'adua, su sami fili, mota ta riƙa juyawa a wuri ɗaya kamar an ɗaure ta a turke, tayoyi na hayaƙi, jama'a sun yi da'ira suna ihu, 'yan babur na kutsawa ta ko'ina. Don wannan ya cire fawar. An ce shi ake jira, domin duk cikinsu babu mai irin motarsa.

Malam Idi ya zo da kansa da hantsi, ya yi sallama a zaure, ya ƙi zama. Ya ce, "Hajiya, wallahi ba hannuna a ciki. Na ce masa ba zan taɓa ba, sai shi da abokansa suka je wani gareji suka yi ta kallon waya suna kwancewa." Na tambaye shi haɗarin. Ya ce idan mota na gudu sitiyarin yana ɗan sakin jiki, amma in taya ta faɗa rami ko ta daki dutse, zai fizgo da ƙarfinsa duka, babu abin da zai tare shi sai hannun direba. "Sai mai hannu biyu lafiyayyu," in ji shi. Bai ƙara ba, domin ya san na gane.

Kai ma ka gane, Malam. Hannunsa na hagu.

Yana ƙarami a wurin mahaifiyarka a Mai'adua ya faɗo daga kan tsamiya, wuyan hannun ya karye. Muka je tare. Maɗori ya zaunar da shi a kan tabarma, kai ka riƙe kafaɗunsa, aka ja. Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena. Ni ina bayan ƙyaure, na cusa bakin mayafina a baki, domin ɗan fari ne, ga surukai cike da gida, ba a san uwa da nuna damuwa a kan ɗan fari ba. Aka ɗora, ya warke, amma bai koma daidai ba. Har gobe ba ya juya shi sosai, in sanyi ya shigo kuma sai ka ga yana murza shi a ɓoye. Abokansa ba su sani ba, ya iya ɓoyewa. Ni kuwa da ba na kallonsa a gaban mutane, babu abin da ya taɓa ɓoye mini.

Haka muka rayu da shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama kusa da shi a tabarma ɗaya ba. In ya gaishe ni in amsa ina kallon wani wuri. In akwai magana, kai nake gaya wa bayan ka ci abinci, kai kuma ka kira shi zaure. Kakan ce, "Ke dai faɗi, ni ne bakinki." Ban taɓa jin nauyin wannan kunya ba sai da ka tafi.

Shekaranjiya da ya fita na shiga rumfa, na buɗe motar na zauna a mazauninka. Ban taɓa yi ba. Na kama sitiyarin da hannu biyu, ni da na tashi da taɓarya da guga, na murɗa iya ƙarfina. Da ƙyar ya motsa. Na daɗe a zaune. Carbinka na nan rataye a madubi, bai cire shi ba, wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Yaron kirki ne, Malam. Ba ya wasa da sallah, ba ya ɗaga mini murya. Ƙuruciya ce kawai, da son a ce ɗan wane ya iya mota.

Na bi hanyoyin da na sani. Na aika wa ƙaninka, Baffansa, ya kira shi ya yi masa faɗa. Ya sunkuyar da kai yana "to Baffa, to Baffa", da la'asar kuma na ji ƙugin injin yana gwada ta. Na yi tunanin ɓoye makulli, amma dukiyarsa ce, ina tsoron in ɗauki abin da ba nawa ba ko da niyyar alheri, kuma na san akwai na biyu a aljihunsa. Wata maƙwabciya ta ce in kai maganar ga hukuma, tunda an hana wasan. Na kasa. Da wane baki zan kai ɗanka?

Saura abu ɗaya, shi ne na zo in gaya maka, don kada ka ce na yi ba da saninka ba. Ranar Asabar, kafin ya fito, zan sa hijabina in shiga motar nan in zauna a gaba, kusa da shi. Kujeru biyu ne da ita, ka ga babu wurin aboki. Ba zan yi masa faɗa ba, ba zan ce ya fasa ba. Inda duk motar ta nufa da ni za ta je, ɗaurin aure ne ko filin wasa. In zai juya ta, ya juya ta da ni a ciki.

Na san abin da za a ce. Za a ce matar Malam ta zubar da kunya, ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan farinta a bainar jama'a. 'Yan'uwanka na Mai'adua za su ji kafin azahar. Ka kuma san ni da tsoron gudu, ko a motar haya salati nake har a sauka. Ban san abin da zai yi ba in ya buɗe ƙofa ya gan ni. Wataƙila ya maido da kwalin nan wurin Malam Idi, wataƙila ya yi fushin da bai taɓa yi da ni ba, wataƙila kuma ya tayar da mota. Kowanne ne, ina ciki.

Ka yafe mini in na saɓa wa tarbiyyar gidanku. Na auna surutun mutane da ransa, ban ga sun yi kusa ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka tsare mana yaron nan, da 'ya'yan mutane da za su tsaya kallo. Ka karkato da zuciyarsa, Ka ba ni ƙarfin ƙafar da zan taka daga ɗakina zuwa rumfa. Amin.

Wassalam.

Taka har kullum,
Maman Hauwa'u, daga Daura.