Ƙafar Baba a Ruwan Zafi

Unguwar Safa, Jidda
Lahadi, 8 ga watan Safar

Zuwa ga Yayana Muktar,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da mutanen gidanka duka. Allah ya ba Inna sauƙin gwiwoyin nan, ya raya maka su Bashariyya, ya sa albarka a shagonka. Yaya damina? Na ji an ce kogi ya fara cika a nan Yelwa, Allah ya sa ya tsaya inda ya saba tsayawa. Mu nan muna lafiya, sai dai zafi da gumi. Maigidana Munir yana nan yana fama da aikinsa a Khumra, 'yarmu Layan kuma ta fara haɗa kalmomi, rabi Hausa rabi Larabci, Baba yana ta yi mata dariya.

Yaya, za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni alhali ga waya a hannu. Sau uku ina yi maka saƙon murya ina gogewa. Gidan namu ƙarami ne, Baba kullum yana falo, kunnensa kuwa ka san shi. Shi ya sa na zauna a ɗakin hutun ma'aikatan jinya a asibitinmu da biro da takarda. In na gama zan ɗauki hotonta in turo maka. Ka karanta kai kaɗai. Kada hankalinka ya tashi, Baba yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci, amma akwai magana, kuma tun ranar Juma'a na kasa zama wuri ɗaya saboda ita.

Tun da muka dawo daga Madina Baba ya gaji da zaman bene. Daga taga ya koma ƙofa, daga ƙofa ya koma taga. Ya ce ya yi Umra, ya ziyarci Manzo, alhamdu lillahi, saura a kai shi ya ga ruwan garin nan, don ba zai koma gida masunta su tambaye shi yadda teku take ya ce a mota ya hango ta ba. Ranar Juma'a bayan sallar asuba Munir ya ɗauke mu, muka yi kudu, muka wuce Khumra har wani bakin teku da iyalai ke zuwa su shimfiɗa darduma kafin rana ta yi zafi. Da ka ga fuskar Baba. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya ɗebi ruwan ya kai baki, ya tofar yana dariya, wai wannan miyar an cika mata gishiri. Ya shiga har gwiwa. Na ɗaga murya na ce ya dawo, ya ce shi da ya shekara hamsin a cikin ruwa ba ni zan koya masa ba.

Akwai wata halitta a tekun nan da ba mu da ita a kogi, nan ana ce mata ƙandil. Kamar farar leda ce da aka cika da ruwa, tana yawo a sama, ga wasu zarurruka suna bin ta a ƙasa, a cikinsu dafin yake. Ranar iska ta koro su da yawa bakin gaɓa. Baba ya ga ɗaya, ka san shi da son sanin kowane abin ruwa, ya sa hannu ya ɗago ta. Sai na ga ya yi jifa da ita yana yarfe hannu. Ya fito yana tambayar Munir ko minjiryar garin nan ce. Kafin ya iso darduma hannunsa na dama ya yi ja, layi-layi har wuyan hannu, kamar an zane shi da tsumagiya. Bai yi kuka ba, amma na ga gumi ya karyo masa, yana goga hannun a rigarsa.

Ni da na shekara takwas ina aikin jinya, kaina ya ɗaure. Ban taɓa ganin wannan a asibiti ba. Munir ya ce a shafa yashi, wani mutum daga can yana ihu wai a yi masa fitsari a kai, ni kuwa na fizgo gorar ruwan sha zan zuba. Sai na ji an riƙe mini hannu. Wata dattijuwa ce daga dardumar kusa da mu, ta ji muna Hausa. Ta ce, tana haɗa Hausa da Larabci, "La, la, ya binti, ba da wannan ruwa ba. Kai kuma, ya ammi, bar murzawa, khalas!" Sunanta Hajiya Mastura, a unguwar Madain Fahd take, a nan Jidda aka haife ta, kakanta ne ya zo aikin Hajji a ƙasa daga wajen Argungu bai koma ba. Ta ce ruwan daɗi da murzawa su ke sa ragowar zarurrukan da suka manne a fata su ƙara sakin dafi. Ta tura Munir ya ɗebo ruwan teku a kwano aka kwarara a hannun. Ta buɗe kwandon abincinsu ta ɗauko ruwan khal, irin wanda ake sa wa salak, ta tsiyaya a kai a hankali. Sannan ta ce in ba ta kati. Na miƙa mata iƙamata, wato katin izinin zamana, da gefenta ta kankare zarurrukan ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ta juye ruwan zafin shayinsu a roba, ta sirka, ta gwada da gwiwar hannunta, ta ce ya tsoma ya bar shi a ciki, zafin da mutum zai iya jurewa shi ke kashe raɗaɗin. Can zuwa wani lokaci Baba ya sauke numfashi, ya ce lallai matar nan ta san aikinta.

Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya zan ba ka. Hajiya Mastura ce ta kalli ƙafafunsa ta ce, ai nan ya fi hannun. Na duba. Daga ƙwaurinsa har bayan ƙafa, duka biyun, layukan nan ne birjik, sun fi na hannun yawa da kumburi. Baba ya leƙa ya ce shi bai ji komai a nan ba. Muka ɗauka jarumta ce irin tasa. Aka zuba khal, aka kankare. 'Yar Hajiya ta ɗora buta a kan ƙaramin gas ɗinsu, ta juye a baho, ni kuma na tafi ɗebo ruwan teku da za a sirka. Da na dawo na tarar Baba ya riga ya zuba ƙafafunsa biyu a ciki. Ya juya yana tambayar Hajiya sunan unguwar kakanta a Argungu, suna ta raha, ba wanda ya lura. Na sa hannu a bahon. Yaya, ban san lokacin da na fizge hannuna ba, ruwan sai da ya ƙona ni. Shi kuwa yana zaune abinsa. Na cire ƙafafun da ƙarfi, ya dube ni ya ce, "Lafiya, Zahra'u? Ai bai yi zafi ba."

Da na ɗaga ƙafarsa ta hagu zan zuba mata ruwan sanyi na ga ciwo a tafin, kusa da ƙaramin yatsa. Rami ne mai zurfi, bakinsa ya yi baƙi, ya fara wari. Ba na ranar ba ne, ya yi makonni. Baba bai san da shi ba. Ya ce ƙila ƙugiya ya taka ko ƙayar tarwaɗa kafin ya taso daga gida. Ka tuna da wannan ƙafar ya yi ɗawafi da sa'ayi, ba takalmi. Hajiya Mastura ta dube ni, ta koma Larabci don kada ya gane. Ta ce ciwon suga ne, haka mijinta ya fara, ba su farga ba sai da aka yanke masa ƙafa daga gwiwa. Ta ce yau za ku kai shi, ba gobe ba, yalla, maza.

Baba ya yi ta faɗa a mota, wai za mu sa ya rasa Juma'a saboda wata leda. Munir dai ya tuƙa har ƙofar asibiti. Aka auna jininsa, sugan ya hau sosai, likita ya ce alamu sun nuna ya shekara da shekaru da shi. Ya sa Baba ya rufe ido, ya riƙa taɓa tafin ƙafarsa da wani siririn zare. Wuri goma ya taɓa, biyu kawai Baba ya ji. Aka wanke ciwon, aka ɗaure, aka duba ƙunar, Allah ya taimaka ba ta yi zurfi ba. Likita ya ce ciwon bai kai ƙashi ba tukuna. Ya ce ba tafiya ba takalmi, ba shiga kogi har sai ya warke sarai, ga magani safe da yamma.

Abin da ke cina shi ne mako uku yana gidana. Ina ganin yana shan ruwa gora bayan gora, yana yawan shiga banɗaki, wandonsa ya yi masa yawa. Na ce zafin Jidda ne. Kullum a wurin aiki ina duba ƙafafun iyayen wasu, ban taɓa cewa nawa uban ya miƙo tasa ba.

A hanyar dawowa, Munir ya tsaya sayen magani, muka rage mu biyu a mota. Baba ya ce in yi masa alkawari ba zan faɗa wa kowa a gida ba, musamman kai. Ya ce tun bara kake so ya bar kogi, in ka ji wannan za ka sayar da jirginsa na kamun kifi ka zaunar da shi a ƙofar shago yana kallon masu wucewa. Idonsa ya cika, ni kuwa ban taɓa ganin haka ba, sai na ce to. Tun daga lokacin ban huta ba. Jiya na ƙona shinkafa sau biyu. Yau na sauka a benen da ba namu ba, na tsaya ina kallon ƙofa. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe ban san abin da na tashi yi ba. Na roƙe shi ya ƙara ko mako biyu, bizarsa ba ta ƙare ba, ya ce ruwa yana cika, tarunsa na jiransa, ranar Laraba zai hau jirgin sama ko da rarrafe. Na san ranar da ya sauka Yelwa, washegari da asuba yana cikin ruwa da wannan ramin a ƙafarsa. Na auna alkawarin da ƙafar, na ɗauki biro. Allah ya yafe mini.

Ga abin da nake roƙonka. Kada ka taɓa jirginsa, kada ma ka ambaci sayarwa. Ka nemi wanda zai riƙa fita da jirgin kafin ciwon ya rufe. Ka kai Baba asibiti cikin makon da ya sauka, takardun likita suna aljihun jakarsa na gefe, tare da maganin wata uku. Na sayo masa takalma biyu masu taushin ciki. Kuma dole wani ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana. Wannan ne ya fi damuna, don ban san wanda zai yarda ya miƙa wa ƙafa ba. An kira ni, zan ƙarasa gobe in Allah ya kai mu.

Litinin. Ban iya turo maka a ɓoye ba. Jiya da na koma gida bayan la'asar na durƙusa gabansa na faɗa masa na rubuta maka, ban aika ba tukuna, amma zan aika. Ya ɗauki carbinsa ya koma taga. Na kai masa abinci bai taɓa ba, Layan ta hau cinyarsa ya sauke ta a hankali. Yau da safe na sa kayan aiki zan fita, sai na ji ya kira ni. Yana zaune a kujera, ya ɗora ƙafar a kan tebur, ya warware bandejin da kansa. Ya ce, "Zo ki duba mini, tunda ni ba na ji." Na duba, na wanke, na ɗaure. Sannan ya ce in aika, amma in gaya maka abu biyu. Inna shi zai faɗa mata da bakinsa, kada wani ya riga shi. Kuma ita kaɗai za ta riƙa duba ƙafar, in koya mata ta waya. Ban san ko ya huce ba, har na fita bai dube ni ba. Amma ya sha maganinsa a gabana.

Ka gaishe mini da Inna, gaisuwa kawai. Ka gaishe da matarka Anti Kubura, da Bashariyya da ƙannenta, da Kawu Maiturare da mutanen gidansa. Munir yana gaishe ka ƙwarai. Jirgin saman da Baba zai hau zai sauka Kano ranar Laraba da azahar. Ka je da kanka, kada ka aiki direba. In kun haɗu kada ka fara kallon ƙafarsa. Ka karɓi jakarsa, ka yi masa barka da Umra, ka bar shi ya ba ka labarin teku har ya gaji.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Fatimatuzzahra Usuman