Hannun Da Na Kankare

Napoli, 9 ga Maris

Mama,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ƙafar taki? Ina fata ƙanena Radko yana kama miki aikin gonar inabi, ba zaman hira kawai ba. Ni lafiyata lau. Tarin nan da nake yi warin fenti ne kurum, kada ki sa shi a ranki.

Aiki yana nan yadda kika sani, muna kwaikwayon zanen tsofaffin bangwaye, labaran allolin mutanen da, baƙi su saya. Wannan makon an ba ni na Demeter, wadda sarkin ƙarƙashin ƙasa ya sace wa 'ya. Tana miƙa hannu, amma a zanen asali hannun ya ɓantare tun tuni. Ni kuwa sai na cike mata shi. Da na ja baya na duba, ashe naki na zana, har da tabon wuƙar nan na babban yatsa.

Maigidanmu Gennaro ya leƙo ya ce, "Ke Nevena, wa ya aike ki? Ai ɓarnar ake saye! Kankare shi."

Na ce, "To da me za ta kamo 'yarta?"

Ya ce, "Shekara dubu biyu tana haka, ba ta taɓa kawo ƙara ba."

Na kankare, Mama.

Ki aiko mini da busasshen tattasai da safar ulu. Ki gaida Goggo Stoyanka.

A labarin Demeter, 'yar takan koma gida duk bazara. Ni wannan ce bazarata ta uku a nan, kuma bana ma ba zan samu zuwa ba. Ki yafe mini. Allah ya bar mini ke.

'Yarki,
Nevena