Tsohuwar Garin Aman Wuta

Waziriyya, Jidda

Zuwa ga ƙanena Zaharadden,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Sajida da yara da sauran mutanen Kano. Ummi tana gaishe ka. Kullum ta idar da salla sai ta ambaci sunanka, abin da ke ƙara ƙona min rai ke nan.

Na kira ka har na gaji ba ka ɗauka, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka karanta har ƙarshe, ko da yake na ga alama sana'arka ta koya maka ba mai kaiwa ƙarshen komai.

Ka tuna bidiyon da na turo maka bayan an rushe unguwarmu Karantina? Ranar da na kai Ummi ta ga inda gidanmu yake, ta zauna a kan tarin bulo tana jan carbi tana istigfari. Kai kaɗai na tura wa, don kai ma a ɗakin nan aka yanke maka cibi. Jiya sai ga Tahani, 'yar maƙwabciyarmu Khala Hafsa, ta turo min shi ya sake riga. An haɗa shi da hotunan wani gari da ban taɓa gani ba, toka ta binne gidaje har tagogi, dutse yana hayaƙi a bayansu. A sama da manyan baƙaƙe: "INNALILLAHI! Garin da Allah Ya hallaka da aman wuta saboda alfasha. Kalli tsohuwar da ta rage tana neman gafara." Muryar na'ura ce take bayani, babu sunanka ko'ina, amma ni ba yarinya ba ce.

Ya akhuya, ɗan'uwana, wane dutse ne a Karantina? Katafila ce ta zo da rana tsaka, muna tsaye da katifunmu. Kuma wace alfasha? Ta Khala Hafsa da ta tsufa tana sayar da gyaɗa a bakin masallaci, ko ta Amm Othman mai tukubar tsire da yake ba ka na ɗanɗano kana yaro?

Tun da aka watse, wasu suka koma unguwar Kurayyat, wasu nan Waziriyya, abin da ya rage wa Ummi na Karantina shi ne matan unguwa da suke haɗuwa a ɗakinta ranar Juma'a bayan la'asar. Bidiyonka ya shiga zauren hirarsu na waya. Juma'ar nan ta dafa shayi da na'ana, ta jera kofuna, har ya huce ba wadda ta zo. Na ce mata cunkoson motoci ne.

Ka goge shi yau. Ka huta lafiya.

Yayarka,
Mastura

Kano

Yaya Mastura,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, ina fatan Ummi da ƙafar da sauƙi. Sajida na gaisuwa.

Yaya, kin ɗauki abin da zafi da yawa. Bari in yi miki bayani. Garin nan na toka gaskiya ne, a wani tsibiri yake can nesa, dutse ya yi ta amai har mutanen suka tattara suka bar shi. Na taɓa sa shi a shafina da sunansa na gaskiya, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Naki bidiyon ma na sa shi tun farko, na rubuta "An rushe unguwar da aka haife ni." Kin san me na samu? Wani ya rubuta min, "Takari ku dawo gida mana." Wani ya tallata maganin basir a ƙasa. Shi ke nan.

Da na haɗa su na canza kanun, wallahi wayata har zafi ta yi. Mutane ba gaskiya suke nema ba, abin da zai sa su dafa ƙirji su tura wa wani suke nema. Ba ni na halicce su haka ba. Ku kuna can, ko ba komai kuna tare. Ni aka koro daga Saudiyya aka sauke a filin jirgin Kano da jaka ɗaya, Hausata ma dariya ake yi mata. Da shafin nan nake ciyar da yara, ba wanda ya miƙo min wata sana'ar.

Kuma ban ambaci Karantina ba, ban ambaci sunan Ummi ba. Gogewa ba ta da amfani yanzu, wasu shafukan sun riga sun kwafa. Ki yi haƙuri, abin waya kamar ruwan sama ne a Jidda, ya cika titi yau, gobe a manta. Don Allah kar ki gaya wa Ummi, kin san hawan jininta.

A gaishe min da ita sosai.

Naki,
Zaharadden

Waziriyya, Jidda

Zaharadden,

Salam. Muna nan yadda ka bar mu, ko in ce yadda ka mayar da mu.

Ba ka ambaci Karantina ba? Ƙofar Khala Hafsa mai shuɗin fenti ga ta nan kwance a bayan Ummi. Duk wanda ya taɓa shan ruwa a unguwar ya gane ta. Kuma ka je ka karanta abin da ake rubutawa a ƙasa: "Allah Ya ƙara," "Maganinsu ke nan," "Ita ma tsohuwar a bincike ta." Jikokin mutanen nan suna karanta wa kakanninsu.

Khala Hafsa ta rasu ranar Talata. Ka san alkawarin da ke tsakaninta da Ummi tun ba a haife mu ba: wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta shiga ɗakin wanka ta wanke ta. Ba a kira Ummi ba. Sai bayan an kai ta muka ji, a bakin mai kawo mana gas.

Ummi ta ɗauki abayarta ta ce, "Yalla, tashi ki kai ni." Muka shiga tasi har Kurayyat. Da muka shiga gidan makoki, matan da ta karɓi haihuwar rabinsu suka amsa sallama a ciki, kowa ta sunkuyar da kai. An miƙo mata gahawa kamar baƙuwar da ta ɓata hanya. A bakin ƙofa Tahani ta tare ni, idonta jawur, ta ce, "Haram alaiki ya Mastura. Ke kika ɗauki hoton, kowa ya gan ki ranar. Uwata ta mutu tana tambaya wace alfasha ta yi. Gidan ya tafi, halas, shi ke nan, mun haƙura. Sai kuma ku sayar da sunanmu?"

Ban ce kai ne ba. Ba don kai ba, don tsohuwar da take tsaye a bayana tana neman takalminta.

A hanya ta juyo ta ce, "Mastura, me na yi musu?" Na ce zafin rashi ne. Ƙaryata ta kusa ƙarewa, kuma na tsani kaina da ita.

Tun da gogewa ba ta da amfani, to ka yi wani. Ka faɗa cewa babu dutse, babu alfasha, tsohuwar nan ba ta san komai ba. Ka wanke ta a inda ka shafa mata.

Mastura

Kano

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Allah Ya ji ƙan Khala Hafsa, Ya sa ta huta. Wallahi na ji mutuwar nan har raina.

Albishirinki, na yi abin da kika ce. Na faɗi komai a ciki: garin toka daban, unguwar da aka rushe daban, mutanenta mutanen kirki ne, tsohuwar ma ba ta san an ɗauke ta ba. Har addu'a na sa wa mamatan unguwar a ƙarshe.

Kanun ne kawai zan roƙe ki ki fahimta. In na rubuta "Neman afuwa" ba wanda zai buɗe, wankewar ba za ta kai ko'ina ba. Sai na sa: "ASIRI YA TONU! Ashe tsohuwar garin aman wuta duk ƙarya ce! Ku ga yadda aka yaudare ku." Duk wanda ya kalla zuwa tsakiya zai gane ba ita ake nufi ba. Yanzu haka ya fi na farkon tafiya, ina tabbatar miki zai isa Kurayyat kafin Juma'a.

Ki sanar da ni in matan sun dawo. Gaisuwa ga Ummi.

Ƙanenki,
Zaharadden

Waziriyya, Jidda

Zaharadden,

Salam.

Ya isa Kurayyat. Ya isa har gidan da muke haya. Yaran bene suka ga Ummi tana hawowa da ledar burodi, ɗaya ya ce, "Ga kazzaba nan," wato maƙaryaciya. Matar mai gidan hayar ce ta nuna mata a waya, tana dariya.

Ta shigo ta zauna ta ce in karanta mata abin da aka rubuta a sama, na farkon da na biyun. Na karanta. Na ce ta bari ta ji na ciki, ta ce a'a, ya isa.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon kofunan shayin, sannan ta ce, "Rubuta wa Zaharadden. Shi ya san harkar waya. Ki ce ya nemo min yaron da ya yi wannan, ba don a yi masa komai ba. Ya dai tambaye shi ko ba shi da uwa. Ki ce masa ni ba ni da wanda zai tsaya min sai shi."

Na isar da saƙo. Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba. Ranar Juma'a bayan la'asar za ta kira ka ta ji ko ka same shi, tun da yanzu ba ta da baƙi a lokacin.

Wassalam.

Mastura