Yaya Salifu, Ba Zan Ce Ka Dawo Ba

Zuwa ga yayana Salifu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan wasiƙa ta same ka lafiya a duk inda Allah ya ajiye ka. Ƙanwarka ce Adisa, daga gidanmu na Zangon Salaga. Ban san inda zan aika maka ba, shi ya sa na rubuta a fili, ko wani da ya san ka zai karanta maka.

Ina tuna ranar da ka dawo daga yaƙin Laberiya. Motar Tamale ta sauke ka a tasha, ka rame har kakin ya yi maka yawa. Ba wanda ya tarbe ka sai ni da mahaifiyarmu Mma. Tun kuna can mutane ke gunaguni, wai me ya kai 'ya'yanmu faɗan da ba namu ba. Da kuka dawo sai maganar ta koma kanku: wai kun kwashi kayan mutane, wai hannunku ya saba da jini.

A masallaci na kusa da kai yakan ja jikinsa. Mata na janye 'ya'yansu in ka gitta. Mai koko ta bakin titi ma ta ware maka kwano daban. Ka ajiye aikin soja ka koma noman doya, ba ka taɓa ba mu labarin can ba. Iyakarka ka ce da Mma, "Ki riƙa addu'a kada yaƙi ya zo mana nan."

Sai ga shi ya zo. Rikici ya ɓarke a ƙauyukan da ke kewaye da mu, muna hango hayaƙi daga tsakar gida, mutane na kwararowa cikin gari da tabarmi a ka. Wata safiya dattawan unguwa suka yi sallama a ƙofarmu, har da waɗanda suka daina ba ka hannu. A bayansu samari ne riƙe da bindigogin farauta da adduna. Suka ce tunda ka san aikin soja, ka koya wa yaran. Ina bayan labule ina saurare. Ka daɗe kana duban fuskokin samarin nan, sannan ka ce, "Na ga abin da irinsu suke zama bayan an koya musu. Ba zan koya ba."

Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa an saye ka, wai kai kake kai wa 'yan ƙauyen da ake faɗa da su labari, tunda wurinsu kake sayen irin doya. Aka fara jifan kwanon rufinmu. Mma ta ƙulle maka garin rogo a ƙyalle, ta ce ka tafi wurin Kawu a Yendi. Ka shiga cikin masu gudu, ka rufe fuska da rawani kamar ɓarawo.

Kawu ya ce maganar ta riga ka isa Yendi, ba ka jima ba ka wuce Bawku. Wani mai fataucin albasa ya gaya mana ya gan ka a kasuwar dabbobi kana lodin shanu. Da ya kira sunanka sai ka ce ba kai ba ne, ba ka kuma taɓa yin soja ba. Daga baya aka ce ka tsallaka iyaka. Shi ne ƙarshen abin da muka ji.

Mma ta rasu bayan daminar nan, Yaya. Ban san ko ka ji ba.

Duk ranar da aka ce an tsinci gawar baƙo a hanyar Bawku, ba na iya cin abinci. Samarin nan kuwa sun tafi yaƙin ba tare da kai ba, wasunsu ba su dawo ba. Iyayensu har yau suna cewa da ka koya musu da suna nan, kuma akwai wanda ya rantse a gabana kan abin da zai yi in ya sa ka a ido. Shi ya sa ba zan ce ka dawo ba, ko da kewarka za ta kashe ni.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka samu direban da ke zuwa nan, ka ce ya gaya wa Adisa mai sayar da sabulu a tasha cewa kana da rai. Kada ka faɗa masa inda kake. Ni ma gara ban sani ba, don kada a tambaye ni fuskata ta tona.

Allah ya ɓoye ka daga masu nemanka da sharri, ya haɗa ka da mutanen da za su ci abinci kwano ɗaya da kai, ya jiƙan Mma. Amin.

Ƙanwarka,
Adisa