Na Shafa wa Motar Ɗana Fentin Ƙofa

Malama mai shawara, ki taimake ni, kwana uku suka rage mini. Ni ban iya rubutu ba, telan da ke ƙofar gidanmu ne ke rubutawa, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana.

Shekara arba'in ina fentin gini da ƙofofin ƙarfe. Da buroshin nan na ciyar da babban ɗana har ya zama mutum, yau shi ke kafa mini doka. Bara na goga tsohuwar motata da katangar maƙwabci, gogawa kawai, sai ya sayar da ita wai idona ya yi rauni. Ko shawara bai yi da ni ba. Ni da na koya masa riƙe sitiyari.

Makon jiya ya yi tafiyar aiki, ya bar wa matarsa makullin sabuwar motarsa tana zuwa aiki da ita. Ranar Lahadi aka ce ƙanena na kwance. Na ga makulli rataye a bayan ƙofar kicin, na ɗauka. Na je lafiya na dawo lafiya, a rubuta wannan. Sai dai ana gyaran titi, na faɗa bayan wata tipa, ta yi ta watso mini tsakuwa. Da na iso gida na ƙirga tabo bakwai a bonet, kowanne bai fi kan ashana ba, biyu har ƙarfe ya fito.

Na ce wannan ai aikina ne. Motar ja ce, ina kuma da ragowar jan fentin da na yi ƙofar gida da shi. Na kama tabo ɗaya na goge da sanfefa yadda nake yi wa ƙofa, na shafa. Da ya bushe sai ya fito duhu, babu ƙyalli, ga sawun buroshi. Na ƙara gogewa, na ƙara shafawa. Yanzu wurin ya kai tafin hannu. Laifin masu haɗa fentin zamani ne, a da ja ja ne.

Na lulluɓe motar da tampol. Surukata ta ɗaga ta gani, ta mayar ta rufe. Tun ranar motar haya take hawa, ta kawo mini abinci ta gaishe ni kanta a ƙasa. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na san zafin ran mijinta, kuma ita ya ba makulli, ita zai fara tsarewa. In na yi shiru ita za ta sha. In na yi magana ya samu abin yi mini gori har in mutu. Ba wa'azi nake nema ba. Ki faɗa mini abin da zan shafa wurin ya ɓace kafin ɗan nawa ya dawo ranar Asabar.

Tsohon mai fenti

AMSA

Baba, fara ajiye sanfefar nan da buroshin. Hannunka bai manta aiki ba, amma fentin mota hawa uku ne: na ƙasa mai hana tsatsa, na launi, sai na sama mai ƙyalli. Na saman ka kankare, shi ya sa wurin ya dushe.

Tabo shidan da ba ka taɓa ba za su gyaru a gida. Yawanci akwai lambar launin motar manne a gefen ƙofar direba. A kai wa masu sayar da fentin mota su haɗa kaɗan, a sayo da na ƙasa da na ƙyalli. A inuwa za ka yi. Wanke wurin da sabulu ya bushe sarai. Inda ƙarfe ya fito, fara ɗiga mai hana tsatsa. Sannan da tsinken sakace ka ɗiga launin a cikin ramin kaɗai, ya bushe, ka ƙara, na ƙyallin ya zo ƙarshe. Wanda ya matso zai gani, amma tsatsa ba za ta kama ba.

Mai tafin hannun kuwa, ba zan yaudare ka ba, babu abin da za ka shafa ya ɓace. Sai mai feshi, kuma mai motar ne zai zaɓi inda za a kai.

Ɗanka bai kyauta ba da ya sayar da motarka ba shawara, kana da damar gaya masa. Amma tsoro ne ya sa shi, ba raini ba, kai ma ka ɗauki abin da ba a ba ka ba. Surukarka kunyarka take ji har tana shirin ɗaukar laifin da ba nata ba. Kada ka bar ta. Yau ka ba ta haƙuri, ka buga wa ɗanka waya kafin ya ɗaga tampol da hannunsa. Zai yi faɗa, zai kuma huce a hanya. In ya dawo ka ce ya raka ka a duba idon, likita ya raba gardama.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ka ƙarfin buɗe baki.