Kwaɗon Da Aka Sa Wa Tukunyar Kashe Gobara A Motar 'Ya'yanmu

Zuwa ga Alhaji Mai Makaranta, Shugaban makarantar 'ya'yanmu da ke Badarawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ranka ya daɗe, tare da fatan iyali da malamai suna lafiya. Ina kuma tambayar lafiyar tukunyar kashe gobarar nan ta motar ɗalibai, tunda na ga ita ce aka fi damuwa da ita a makarantar.

Ni ce mahaifiyar Husna da Sadiƙ, ma'aikaciyar gwamnati, muna zaune a Hayin Banki. Ban rubuta sunan makarantar ba don malaman kirki da ke cikinta, amma kai ka san da kai nake. Na zo ofishinka, sakatarenka ya ce kana taro. Na sake dawowa, ya ce taron bai tashi ba. Shi ya sa na rubuto a inda kowa zai gani.

1. Yadda aka fara. A bara tukunyar nan ba ta da mazauni a mota. A ƙasa take tana birgima tsakanin ƙafafun yara. A taka birki ta gangara gaba, a hau tudu ta koma baya. Ranar da ta daki Husna a idon sawu ta dawo gida tana ɗingishi, na kawo maganar a taron iyaye da malamai. Ka yaba mini sosai, ka ce za a duba. Da zangon karatu ya ƙare ba a gama dubawa ba, ni da maigidana muka roƙi direban motar, Malam Isiya, ya biyo da ita wajen wani mai walda a layinmu. Ya lanƙwasa ƙarfe daidai gindin tukunyar, ya ɗaure shi da noti a bayan kujerar direba, ya sa mata ɗamara mai maɓalli. Kana fincike maɓallin ta faɗo hannunka. Ba mu nemi godiya ba, kuma Alhamdulillahi ba a takura mana da ita ba.

2. Daga nan kai ka shigo. Ka leƙa motar ka ce wannan sakaci ne, duk wanda ya ga dama zai iya ɗauke tukunyar. Gaskiya ne, ranka ya daɗe, don haka ma aka yi ta. Amma ka kafa kwamitin kula da kadarorin makaranta, kwamiti ya zauna ya sha lemo, ya yanke cewa a cire mazaunin da muka yi. Aka ƙera keji na rodi mai kauri, irin wanda ake kulle janareta a ƙofar shago, aka shafe shi da fenti launin kayan makaranta, aka kafa shi a motar, aka saka tukunyar ciki, aka danna mata kwaɗo. Makullin kuwa aka damƙa wa ma'ajin makaranta, mutumin da ko ranar yawon buɗe ido bai taɓa shiga motar nan ba. Ranar rabon kyaututtuka har zagayawa da mu aka yi mu ga kejin. Wasu iyaye sun tafa. Ni na tambayi wa zai buɗe idan wuta ta tashi, ka yi dariya ka ce Hajiya ta cika mugun fata.

3. Ranar da abin ya faru, an taso yara da rana, mota cike, ana cikin cunkoson Kawo. Injin motar a ƙarƙashin kujerar gaba yake, sai hayaƙi ya fara ɓullowa ta gefen Malam Isiya. Ya gangara gefen titi, ya zagayo ya buɗe ƙofa, ya dinga ɗauko ƙananan yana direwa a ƙasa, manyan suna tsallakowa. Sadiƙ ɗina ya maƙale a kujerar baya yana tari, sai da ya koma ciki ya ciccibo shi. Bayan ya tabbatar babu saura, ya juya ga tukunyar. Ga ta nan ja jawur, cike fal, a cikin kejinta. Ya kira ma'aji a waya, ashe ya tafi ta'aziyya Zariya da makulli a aljihu. Ya ɗauko sifanan taya ya hau dukan kwaɗo. A nan dole in yaba wa kwamiti, sun zaɓi kwaɗo mai kyau. Har wuta ta kama kujera ta lashi hannun Malam Isiya, kwaɗon bai buɗe ba.

Waɗanda suka kashe wutar su ne masu wankin mota da bokitansu, da 'yan kasuwar bakin titi da suka dinga watsa yashi, sai wani mai Keke da ya tsaya ya ciro tasa ƙaramar tukunyar daga wani mazauni da bai kai rabin namu kyau ba. Wata mai gasa masara ce ta tara yaran a ƙarƙashin rumfarta, ta nemi lambata a wajen Husna ta kira ni. Ba na fatan wata uwa ta amsa irin wannan wayar tana zaune a ofis.

4. Da yamma saƙonka ya shigo zauren iyaye na waya. Ka gode wa Allah cewa an samu “ɗan hayaƙi”, kuma kayan kariya na makaranta suna nan daram, babu abin da ya same su. Mun yi maka murna. Mu ma yaranmu suna nan, ko da yake saƙon bai tambaya ba.

5. Wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki biro. An dakatar da Malam Isiya daga aiki, wai saboda yunƙurin lalata kadarar makaranta, wato kwaɗon. Sannan kwamiti ya sake zama, ya gano cewa kuskuren da aka yi shi ne makulli guda ɗaya ne kawai. Yanzu an yanka na biyu an ba mataimakin shugaban makaranta. Idan na fahimta daidai, nan gaba in wuta ta tashi a Kawo, direba yana da mutum biyu da zai kira maimakon ɗaya. Sai dai a roƙi wutar ta ɗan jira.

Ranka ya daɗe, Sadiƙ shekararsa shida. Tun ranar nan, in ya ji ƙauri ko na girki ne, sai ya fita tsakar gida a guje. Wannan ba ya cikin kadarorin da kwamitinka ke kula da su, amma ni da shi nake kwana nake tashi.

Buƙatuna ba su da yawa. A mayar da Malam Isiya bakin aikinsa, a ɗauki nauyin jinyar hannunsa, kuma a ba shi haƙuri a zauren iyaye na waya inda aka sanar da dakatar da shi. A kira mai walda ya yanke kejin nan, a mayar da mazauni mai ɗamara. Idan namun ya ɓata a sito, za mu sake yin wani. A kai motar wajen mai gyaran wayoyin wutar mota na gaske kafin a sake ɗora yaro a kanta. A kuma nuna wa malamar da za ta riƙa raka yara a motar yadda ake zare fil ɗin tukunya a fesa. Kafin a yi waɗannan, nawa biyun ba za su sake hawa ba, kuma na san ba ni kaɗai ba ce.

Na je Rigasa na duba Malam Isiya. Na same shi a zaure, hannu a naɗe, matarsa ce ke ba shi abinci a baki. Kafin in gama gaisuwa ya ce, “Hajiya, yaya tarin Sadiƙ?” Na tambaye shi ko wani daga makaranta ya zo, sai ya sunkuyar da kai ya ce wataƙila ayyuka ne suka yi musu yawa. Gidan ba shi da wuyar ganewa, in taronka ya tashi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci makarantar, ya tsare 'ya'yanka da namu daga wuta ta duniya da ta lahira, ya kuma ba kwamitinka hutu mai tsawo.

Wassalam, daga uwar da har yanzu take jiran amsa,

Maman Husna,
Hayin Banki, Kaduna.